Kilo Arba'in ɗin da Na Cusa a Lissafin Allura

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Allah ya saka muku da alheri. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a wata sakandaren 'yan mata a nan Daura, da wayar Ummata nake wannan rubutu.

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da muka shiga shagon Yaya Nura a kasuwar Mai'adua shi ne wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗora a kan kwali, tsakanin kwalaben maganin dabbobi da buhun gishirin lasa. A kan allonta ga manhajarmu a buɗe, da koren launin nan da ni na zaɓa. A akwatin nauyi an rubuta goma sha biyu. A ƙasa kuma, inda yawan allura ke fitowa, lambar da na gani ita ce wadda na haddace tun a makaranta, ta rago mai kilo arba'in. Ƙawata Rumaisa tana ta tsokanar yayanta a kan gemunsa, ni kuwa na kasa ko amsa gaisuwa.

Bari in koma baya don ku gane. A makarantarmu akwai kulob na kwamfuta wanda Malam Bashir ke koyarwa bayan an tashi. Da aka ce za a yi gasa tsakanin makarantun yankinmu, kowane rukuni ya ƙirƙiri manhajar da za ta amfani mutanen gari, sai Malam ya haɗa ni da Rumaisa. Ita ba ta jin tsoron kowa, ko gaban shugabar makaranta za ta tsaya ta yi magana tana murmushi. Ni kuwa ko sunana aka kira a aji sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Ita take ce min, "Malama Shiru, ke ce hannu, ni ce baki, a haka za mu cinye su." Ita ta kawo shawarar mu yi manhajar da za ta riƙa faɗa wa mai kiwo yawan allurar da zai yi wa dabbarsa, saboda gidansu gidan sayar da maganin dabbobi ne. Ka rubuta nauyin dabba, ka zaɓi magani, amsa ta fito.

Akwai fayil guda da ake tsara fuskar manhaja a cikinsa. Kana rubuta cewa nan akwati ne, nan maɓalli, nan kuma gurbin da amsa za ta bayyana. Malam ya koya mana cewa shi gurbin amsa ba a rubuta masa lamba da hannu, ɗaure shi ake yi da lissafi. A namu, lissafin shi ne nauyin dabba sau abin da kowane kilo ke buƙata na maganin da aka zaɓa. In an ɗaure shi daidai, da zarar ɗaya daga cikin biyun ya canza, amsar za ta canza da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Har yau ina jin muryarsa yana cewa, "Wannan gurbin ba shi da lambar kansa, inuwa ce. Mutum ya motsa, ta motsa. Wanda kuma ya zana inuwa da gawayi a ƙasa, rana na juyawa asirinsa zai tonu." Muka yi dariya. Ni ma na yi.

Ɓangaren magani ya ɗauru lafiya. Ɓangaren nauyi ne ya ƙi. Duk lambar da na rubuta a akwatin, sai gurbin amsa ya nuna min wasu haruffa uku na Turanci masu nufin wai abin da na ba shi ba lamba ba ce. Na goge, na sake, na duba baka da waƙafi ɗaya bayan ɗaya, abu ya ƙi. Sau biyu Malam yana tsayawa a bayan kujerata, ina jin ƙamshin turarensa da ƙarar makullan da ke aljihunsa, ya ce, "Akwai matsala ne?" Sau biyun ina cewa, "Babu, Malam." Me ya hana ni buɗe baki? Wallahi ban sani ba. Sauran 'yan kulob suna zaune, kuma ya riga ya faɗa a gabansu cewa ni ce wadda ba ya damuwa da aikinta. Na ji in na ce na kasa, kamar na ƙaryata shi ne a bainar jama'a.

Don nuna aikin a gaban alƙalai mun ari ragon Baba maigadin makarantarmu. Mun auna ƙirjinsa da tsawonsa da tef ɗin tela kamar yadda malamin noma ya nuna mana, ya kama kilo arba'in. Da safiyar gasar, Rumaisa tana waje tana maimaita jawabinta, na buɗe fayil ɗin, na je kan lissafin, na goge kalmar nauyi na rubuta arba'in a madadinta. Shi ke nan. Haruffan nan suka ɓace, amsa ta fito tas. In ka canza magani amsar tana canzawa, don wannan ɗaurin yana nan da ransa. In ka canza nauyi kuwa, ko ɗari ka rubuta ko biyar, manhajar rago mai kilo arba'in take gani. Na ce wa kaina na yau ne kawai, gobe zan gyara.

Alƙalai suka zo, aka auna ragon a gabansu, Rumaisa ta rubuta arba'in, ta riƙa canza magunguna amsa tana canzawa, suna gyaɗa kai. Sai wata mata a cikinsu mai farin gilashi ta miƙo hannu wajen madannai ta ce, "In ƙaramar akuya ce fa?" Rumaisa, da yake ba ta san komai ba, ta ce, "Ranki ya daɗe, ko ɗan tsako kika kawo za ta faɗa miki." Ana cikin dariyar ne ragon Baba maigadi ya kama gefen zanen tebur ya fara ja, kofunan ruwa suka kife, kowa ya tashi yana kare kayansa. Da aka natsu matar ta riga ta wuce tebur na gaba. Muka zo na ɗaya. Aka ce mu ne za mu wakilci yankinmu a Katsina bayan hutu.

Daga baya na gano matsalar da kaina, kuma ƙanƙantarta ta fi komai ba ni haushi. Abin da mutum ya buga a akwati yana shigowa ne a matsayin rubutu, sai an juya shi ya zama lamba kafin lissafi ya karɓe shi. 'Yar kalma ɗaya ce. Da na tambayi Malam da kafin ya gama gyara hularsa ya faɗa min. Na gyara ta kwamfutar makaranta ba tare da kowa ya sani ba, na gwada da nauyi iri-iri, amsa tana bin kowanne. Na yi hamdala, na ɗauka magana ta mutu. Abin da ban sani ba shi ne, tun a ranar gasar, cikin murna, Rumaisa ta kwafi manhajar a filashi ta kai wa yayanta.

Shi Yaya Nura bai daɗe a sana'ar ba. Shagon na kawunsu ne, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi sai Yaya Nura ya bar aikin gyaran babur ya karɓa, kuma da shagon ake ciyar da gidan kawun da nasu. Yana da hannun allura, dabba ba ta wahalar da shi, amma lissafin da ke jikin kwalba da ƙananan haruffa yana ɗaure masa kai, ballantana ranar kasuwa mutane sun cika masa ƙofa. Da ya ga ina kallon kwamfutar ya ce, "Injiniya, kin ga 'yarki? Tun da ta zo na huta da lissafi a bayan kwali." Yawancin masu zuwa wurinsa masu turke raguna ne, ragunan kuma duk sun kusa wannan nauyin, shi ya sa ba a taɓa lura ba. Shi kuma nauyi yake fara rubutawa sannan ya zaɓi magani, yana zaɓa amsa ta motsa, sai ya ga ai aiki take.

Ina tsaye ina neman ta inda zan fara, sai ga wani dattijo ya yi sallama, da malafa a rataye a bayansa, takalmansa na roba an ɗinke ɗaya da zaren buhu. Daga wani ƙauye yake ta wajen Baure. Bayan sun gaisa ya zauna a bakin benci ya ce, "Nura, 'yan awakin nan biyu da ka yi wa allurar tsutsa wancan zuwan, ba su kwana ba."

Yaya Nura ya ajiye sirinjin da ke hannunsa. "Subhanallahi. Baffa, me ya same su?"

"Muna isa gida suka hau karkarwa, yawu na dalala. Kafin la'asar ɗaya ta miƙe, ɗayar ta bi ta. Na tsohuwa ne, mai ɗakina. Tun da uwarsu ta mutu ita ta raine su, da 'yar roba take ba su madara."

"Ba su shiga gyauro ba kuwa?"

Dattijon ya shafa gemunsa. "To, ka faɗi abin da ke raina. Ta gefen gonar Ilu muka bi, gyauron dawa ya tofo masa, tun tuni nake ce masa ya sare shi. Na same shi da maganar ya ce in kawo shaida. Yanzu ko a masallaci ba ma haɗa sahu. Na dai ce bari in zo in ji ta bakinka, kada in ɗauki alhakin mutum."

Sai Yaya Nura ya juyo da kwamfutar wajensa. "Baffa, ni yanzu ba da ka nake yi ba. Abin da na'ura ta ce shi nake ja. Ga ma wadda ta haɗa ta nan, ita ta zo na ɗaya a duk yankin nan. Injiniya, faɗa wa Baffa, kwamfuta tana kuskure?"

Anti, nan ne wurin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Idanu shida suna kaina. Maganar tana bakina, na ji ɗacinta a harshena. Na kalli zaren buhun da ke takalmin dattijon na ce, "Ba ta yi." Muryata ma da ƙyar ta fita, sai da Rumaisa ta maimaita masa da ƙarfi, ta ƙara da cewa, "Baffa, wannan da kake gani ba ta magana, amma kanta ya fi na malamanmu." Dattijon ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ashe dai gyauron ne." Ya tashi ya saɓa malafarsa ya tafi. Albarka ya sa min. Ni da na kashe wa matarsa awaki, na kuma tabbatar masa da zargin maƙwabcinsa, albarka ya sa min na amsa da amin.

Ko da yake ban tabbata allurar ce ta kashe su ba, kuma wannan rashin tabbas ɗin shi nake ta laɓewa a bayansa. Na je gidan malamin noma da sunan gaisuwar hutu, na yi ta kewaye-kewaye har na tambaye shi, wai don gasar Katsina, me ke faruwa in allurar tsutsa ta yi wa akuya yawa. Ya ce akwai wadda ke da sauƙi, akwai kuma wadda ba ta yafiya ko kaɗan, musamman ga ƙananan awaki, za ka ga karkarwa da dalalar yawu. Na ce gyauro fa? Ya ce shi ma yana iya kawo kusan haka. Kun ji. Da safe in ce gyauro ne, da rana in tuna 'yar akuya mai kilo goma sha biyu an ɗura mata rabon rago mai arba'in. Wa nake yaudara? Ko da gyauron ne ya kashe waɗannan, sauran da ba a dawo an faɗa ba fa? Mutum nawa ne dabbarsa ta mutu ya ce ƙaddara ce ya haƙura bai sake bi ta kan shagon ba?

Ranar da muka je shagon, kafin mu shiga motar Daura, Yaya Nura ya saya mana rake, yana ta fara'a ya ba mu labari biyu. Na farko, ya tura wa abokansa biyu masu irin sana'arsa a Kongolam manhajar, ɗaya ma ya ce ya ba wani da ke tsallaken iyaka. Na biyu, wata ƙungiyar mata ta sayi 'yan awaki da yawa za ta raba wa matan da mazansu suka rasu, kuma shi aka ba aikin yi musu allurar tsutsa kafin a raba, ranar kasuwa mai zuwa. Ƙanana ne duka, waɗanda ba a daɗe da yaye su ba. Ya ce, "Da da ne sai na kwana ina lissafi, yanzu kuwa in rubuta in ja." Rumaisa ta ce ai ya kamata ya ba mu lada. Ni raken yana hannuna har muka iso tasha ban kai shi baki ba.

Na san abin da wasunku za su ce, ki je ki gyara mana, tunda kin iya. Na yi wannan tunanin fiye da yadda kuke zato. Zan iya cewa zan ƙara wa manhajar ado, in zauna in mayar da kalmar nan wurinta, kafin ya gama sallamar mutum ɗaya na gama, ba wanda zai sani har abada. Awakin matan nan su tsira, ni ma in tsira. Amma ta Kongolam fa? Ta tsallaken iyaka fa, da ban san ko a hannun wa take ba? Yaya Nura kaɗai ya san waɗanda ya ba, kuma ba zai bi su yana cewa su goge ba sai ya san dalili. Sannan Baffa da Ilu. Maƙwabta ne da ƙila tun suna yara suke tare, yanzu ba sa gaisawa saboda kalma uku da suka fito daga bakina. In na gyara a ɓoye, su haka za su mutu ke nan?

In kuma na faɗa, ga abin da nake gani. Kasuwa ba ta riƙe sirri. Ranar da aka ji allurar Nura ta kashe awaki, ba wanda zai tsaya jin cewa wata yarinya ce a Daura ta goge kalma a cikin fayil. Za a ce Nura ne bai iya ba, mai gyaran babur ya zo yana wasa da dabbobin mutane, a koma shagon gaba. Kawunsu yana kwance, a shagon nan ake sayo masa magani. Rumaisa kuma, da ta tsaya gaban alƙalai ta yi alkawarin da ban gaya mata ƙarya ba ne, ta sake tsayawa gaban Baffa ta yabe ni, da wane ido za ta kalle ni? Ita kaɗai ce ta taɓa zama kusa da ni a aji ba don tana son in nuna mata amsa ba. Malam Bashir zai cire mu daga zuwa Katsina, kuma yana da gaskiya, amma ita me ta yi? Abbana ya riga ya faɗi nasararmu ga duk 'yan majalisarsu, har da mai shayin bakin layi yana ce min likitar kwamfuta in na wuce. Umma ta lura ba na cin abinci, ta taɓa goshina ta ce, "Ke kuma me ke cin ki? Ko fargabar Katsina ce tun yanzu?" Na ce eh. Kun ga wata ƙaryar kuma. Tun daga "Babu, Malam" ban daina ba, kowacce tana haifar 'yar'uwarta.

Na yi sallah na roƙi Allah gafara, amma na san haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ba ni da akuyar da zan biya tsohuwar nan. Ban ma san sunan ƙauyensu ba. Abin da na sani shi ne ranar kasuwa tana matsowa, kuma duk yinin da na yi shiru, wani a Kongolam yana iya rubuta nauyin 'yar tunkiya ya ja abin da allon ya nuna masa.

Ɗazu bayan azahar na ɗauki wayar Umma na shiga bayan ɗaki na kira Yaya Nura. Ya ɗauka yana cewa, "A'a, Injiniya da kanta? Yau za a yi ruwa."

Na ce, "Yaya, alfarma nake nema."

"Faɗi. In dai ba babur ɗina za ki ara ba."

"Awakin matan nan. Don Allah kada ka yi musu allura sai na zo. Kuma kafin nan, duk wanda ya kawo ƙaramar dabba, ka duba jikin kwalba, kada ka duba kwamfuta."

Ina jin hayaniyar babura a bayansa. Dariyar ta bar muryarsa. Ya ce, "Lafiya dai? Wani abu ne ya samu na'urar?"

Na ce, "Don girman Allah, Yaya, ka jira ni kawai. Ni kaɗai zan zo."

Ya ce to, zai jira, amma masu awakin da hantsi za su iso, kada in sa ya ji kunya.

Yanzu ya san akwai magana, ba ni da hanyar komawa baya, kuma har yanzu ban san iya abin da zan faɗa ba. In gaya masa duka, har da abin da na yi wa Baffa a gabansa? In fara sanar da Rumaisa, ko in bari ta ji daga bakin yayanta? Ko Umma zan fara durƙusa wa ta raka ni? Ni da ko "ban gane ba" na kasa furtawa a aji, yaya zan tsaya a tsakiyar kasuwa in ce ni ce? Don Allah iyayena da yayyena na wannan shafi, ku dube ni kamar taku. In na isa ƙofar shagon nan, me zan yi?